Tutar Da Za Mu Ɗaga A Zangon Bana, A Ina Take Kwana?



A taron ƙarshen wata akwai buƙatu biyu da za su zo gaban zaure. Ta farko daga kwamitin matasa take: suna so a zangon da muke fitar da yara duk hutun ƙarshen shekara a riƙa ɗaga tutar ƙasa da safe, a sauke ta da yamma, da daddare kuma a haska musu tsofaffin finafinan yaƙi. Ta biyu daga ofishin sakatare ta fito: a naɗa mutum ɗaya ya riƙe makullin ɗakin ajiyar ƙungiya, a buɗe littafin shiga da fitar kaya, a ware ɗan kuɗi na katako da akwati. Tun da aka raba takardar, ta farkon kowa sai yabo yake yi. Ta biyun kuwa har an raɗa mata suna wai "tsarin ma'aikatan gwamnati", wasu na cewa kayan kowa da kowa ne, me ya kawo zancen makulli?

Ra'ayinmu dai shi ne, in za a amince da ta farko a watsar da ta biyu, to gara a bar su duka. Zango kwana biyar ne ko shida. Sauran kwanakin shekara tutar nan a ɗakin ajiya take, tare da tantuna da tukwane da tabarmi, kuma yadda ta kwana a can haka za ta hau sanda a gaban yara.

Bari mu fara da ita tutar, don da yawa cikinmu mun san kore-fari-kore amma ba mu san ƙa'idarta ba. Wani ɗalibi mai suna Michael Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta a 1959, lokacin yana karatu a Landan, a wata gasa da aka shigar da zane fiye da 2,000, ya kuma samu kyautar fam 100. Zanensa na asali har da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta. An fara ɗaga ta a filin sukuwa na Legas a daren 1 ga Oktoba, 1960, bayan an sauke ta Ingila, kuma wanda ya karɓi ragamar ƙasar a matsayin Firayim Minista ɗan garin nan ne, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin Bauchi, filin kuma yanzu sunansa yake amsawa. Shi Akinkunmi ya daɗe babu mai tunawa da shi, sai a 2014 aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, ya rasu a watan Agusta na 2023.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Tsawonta ya ninka faɗinta sau biyu, kuma kashi uku ne daidai wa daida. Babu tambari a tsakiyarta, babu rubutu, don haka irin waɗanda ake ratayewa a Wunti da Muda Lawal idan Oktoba ta ƙarato, masu hoton mikiya da dawaki ko sunan wani ɗan takara, kayan ado ne kawai. Ana ɗaga ta da sassafe a sauke ta kafin duhu, ba a bari ta taɓa ƙasa. In za a kafa ta tare da tutar ƙungiya, tamu ba za ta ɗara ta tsawo ba, kuma ita ake fara ɗagawa, ita ake saukewa a ƙarshe. Idan ƙasa na zaman makoki ana sassauto ta zuwa rabin sanda, kamar yadda muka gani na kwana bakwai bayan rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025, amma ko a nan sai an kai ta ƙololuwa tukuna kafin a sassauto. In ta yage ko ta koɗe, a keɓe ake ƙona ta cikin mutunci, ba a mai da ita tsumman goge tebur ko ƙunshin goro. Akwai ma doka tun ta 1960 kan tuta da tambarin ƙasa, wadda ta ce laifi ne a ɗaga tutar da ta lalace. Tarar da aka rubuta naira 100 ce, kuɗin da yau ko biredi ba zai saya ba, shi ya sa za ka wuce gaban ofisoshi da makarantu ka ga wani ƙyalle yana lilo, koren ya koma ruwan toka, farin ya koma ruwan ƙasa, gefe duk ya zare, kuma babu wanda abin ya dama.

Mu mutanen Bauchi bai kamata a ce sai an karanto mana doka ba kafin mu san nauyin tuta. Garin nan da tuta aka kafa shi. Malam Yakubu a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓo tasa, ya zo ya gina birnin a 1809, kuma har gobe in ana lissafa sarakunan wancan zamani "masu tuta" ake ce musu. Idan yaro ya fi kowa a jarrabawa, cewa muke ya ciri tuta. A Burmi kuma, wadda ke jihar Gombe yanzu amma kafin 1996 cikin jiharmu take, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na farko da jama'a masu yawa ranar 27 ga Yuli, 1903. Turawa suka tafi da tutarsa, ba ta koma Sakkwato ba sai a 1960. Shekara 57 tana hannun waɗanda suka ƙwace ta, amma da suka tashi mayarwa sun same ta a inda suka ajiye. Ina ma a ce namu kayan da muka saya da kuɗinmu za su shekara biyar a haka.

To, sai batun finafinai. Ba mu ƙi ba ko kaɗan. Mu 'yan shekara arba'in da wani abu da su muka tashi, zamanin kaset na bidiyo da gidajen kallo na unguwa, inda ake zama a benci a sha Rambo da Kwamando da Chuck Norris, a fito ana gardamar wa ya fi wani harbi. Amma a gaskiya irin waɗannan ba su muke so a kai wa yara ba. Mutum ɗaya ne da bindigar da harsashinta ba ya ƙarewa, ba ya jin yunwa, takalminsa ba ya tsinkewa, ba a taɓa nuna wanda ya ɗauko masa ruwan sha. Yaron da ya girma da wannan zai ɗauka jarumta ita ce tsayawa a gaban hoto, aikin tattara kaya kuwa na ragwaye ne. Kuma haka muke gani a zango: ranar tafiya mota ba ta ɗaukar masu son zuwa, ranar dawowa kuwa da an sauka kowa ya saɓi jakarsa ya yi gida, a bar mutum biyu ko uku da tulin tantuna.

Akwai tsofaffin finafinan da in an kalle su da natsuwa akasin haka suke koyarwa. Wanda kowa ya sani shi ne na Umar Mukhtar, wanda Mustafa Akkad ya shirya, Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon malamin da ya shafe kusan shekara 20 yana fafatawa da Italiya a Libiya. Abin da yawancinmu muka riƙe a ciki shi ne rataye shi da aka yi, wanda a tarihi ya faru ne ranar 16 ga Satumba, 1931. Amma ku koma ku duba yadda aka ci ƙarfinsa. Janar Graziani ya gaza da shi a fagen daga, sai ya kwashe mutanen karkara da ke ba mayaƙan abinci ya tsare su a sansanoni, ya kashe dabbobi, ya ja waya mai ƙaya ta ɗaruruwan kilomita a kan iyakar Masar don kada hatsi ko harsashi su shigo. Da guzuri ya yanke, sai yaƙin ya ƙare. Wannan darasi ne da ya kamata wanda zai haska fim ɗin ya tsayar da shi ya nuna wa yara, tunda washegari su ne za su wanke tukunya.

Haka kuma sanannen hoton nan na sojojin Amurka suna kafa tuta a kan dutsen Suribachi da ke tsibirin Iwo Jima na Japan, ranar 23 ga Fabrairu, 1945, wanda aka gina finafinai a kansa, daga na John Wayne a 1949 har zuwa na Clint Eastwood a 2006. Tutar da ke cikin hoton ita ce ta biyu da aka kafa a ranar, don ta farkon ƙarama ce, sai aka aika a nemo babba daga wani jirgin ruwa. Wato akwai wanda ya san inda aka ajiye ta, ya miƙa hannu ya ɗauko. Duka biyun suna nan har yau a gidan tarihin sojojin a jihar Bajiniya, fiye da shekara 80 bayan kafa su.

Sannan akwai labarin da ya fi waɗannan kusa da mu, wanda finafinan Turawa na wancan lokaci suka tsallake. A yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, an kwashi dubban samari daga ƙasar nan zuwa Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma da Hausa ake ba su umarni a fareti. Sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, sun shiga Myohaung a watan Janairun 1945. Sunayen barikokin soja irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Arakan a Legas, duk daga can suka samo asali. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin kurmin da mota ba ta shiga, wani babban kaso na waɗannan mutane aikinsu ɗaukar kaya ne a ka: abinci, harsashi, magani, abin da jirgin sama ya jefo su tattara su bi sawu da shi. Da yawansu ko bindiga ba a ba su ba. Ba don su ba da rundunar ba ta yi nisan kwana biyu ba. Tashar Aljazira ta taɓa yin shiri a kan ɗaya daga cikin sojojin, Isaac Fadoyebo, a 2011, kuma muna ba kwamitin matasa shawara su nemo shi su sa a jerin abin da za a haska. In ma akwai gidan da ke da tsohuwar lambar yabo ko hoton kaka da kakin soja, a kawo yara su gani da idonsu.

Yanzu mu shiga ɗakin ajiyar, inda maganar take.

Babban maƙiyin kayan zango a garin nan danshi ne. Tanti in aka naɗe shi da ɗan laima, ko da raɓar asuba ce kawai, aka jefa shi ɗaki aka rufe, to kafin damina ta wuce ya yi funfuna, ya yi baƙi-baƙi, ɗinkin ya ruɓe, kuma warin ba ya fita. Maganinsa bai wuce a shanya shi a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau, a kakkaɓe ƙasar, sannan a naɗe. Aikin yini ɗaya ne, amma dole a san wanda zai yi shi tun kafin a tashi daga gida. Na biyu gara. Duk abin da ya zauna a kan daɓe ko ya jingina da bango, musamman a Yuli da Agusta da ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa, nata ne. Shi ya sa muke neman kuɗin katako, a yi ɗan dandamali da kanta, kaya su tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, a kuma bar rata tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta wuce. Tabarmi a naɗe su a ɗora sama. Na uku ɓera, shi kuwa gayyatarsa ake yi: ragowar garin kwaki, rabin buhun shinkafa, kwalin suga da aka ce "a bari sai baɗi". In ya gama da abincin sai ya koma kan gidan sauro da barguna ya yi sheƙa. Duk wanda ya taɓa kwana a Yankari ya san yadda gwaggon biri ke yi da jakar da aka bari a buɗe kusa da Wikki, to ɓera haka yake, sai dai shi ba ya ihu. Abincin da ya rage a raba shi ranar da aka dawo, kada ƙwaya ɗaya ta kwana a ɗakin.

Sauran ƙanana ne amma su ke cin kuɗi. A cire batir daga tocila da lasifika, don in ya daɗe yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen. Fitilun sola a riƙa fito da su rana lokaci-lokaci, in ba haka ba batirin ya mutu. Janareta a tsiyaye masa fetur kafin a ajiye, kuma shi da tukunyar gas kada su haɗa ɗaki da tantuna da barguna, wannan maganar rai ce. Jarkokin ruwa a wanke a kife su a buɗe. Turakun ƙarfe da sandunan tanti a ƙirga su a ɗaure kowane saiti da nasa, a shafa musu ɗan baƙin mai saboda tsatsa, don tanti mai kyau in turakunsa sun ɓace ba shi da maraba da shimfiɗa. Akwatin agajin gaggawa kuma a duba ranar da magungunan za su lalace wata guda kafin tafiya, kada sai kunama ta harbi yaro cikin dare a fara haska kwali ana karanta kwanan wata.

Ita tuta akwatinta daban muke so, ƙaramin akwatin ƙarfe mai murfi, da 'yan ƙwayoyin kafur a ciki. A wanke ta da hannu, ban da bilic, a shanya a inuwa don rana ce ke cinye koren, a ninke ta, a sa igiyarta a gefe. Biyu za a saya, ɗaya ta aiki, ɗaya ta ko-ta-kwana. Kuma kada a ƙara ganin an naɗe cokula da ita, ko an rufe lasifika da ita saboda ƙurar hunturu.

Mun ji ƙorafe-ƙorafen da ake yi, kuma ba duka ne na banza ba. Akwai masu cewa ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, wa ke ta ƙyalle? Wani ma ya ce ƙasar me ta tsinana mana da za mu tsaya mata ƙyam da sassafe. Zafin da ke cikin wannan magana gaskiya ne, dukkanmu a kasuwa ɗaya muke sayayya. Amma mu tuna watan Agusta na 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da aka ga yara a Kano da Kaduna suna yawo da tutar Rasha. Hukumomi suka ce cin amanar ƙasa ne, aka kama har da teloli da suka ɗinka, kuma a farkon Nuwamba duniya ta ga ƙananan yara a gaban kotu a Abuja, wasu na faɗuwa don galabaita, kafin a ba da umarnin sakin su. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan zanga-zangar, abu ɗaya a fili yake: an miƙa wa yaro ƙyalle ya ɗaga, bai san nauyin abin da ke hannunsa ba, kuma shi ya kwana a tsare. Gara ɗanmu ya koyi mece ce tuta a hannunmu, ya san wacce ce tasa, ya san fushi da masu mulki daban, ƙasar daban. Masu ɗari-ɗari ta fuskar addini kuma, babu ruku'u babu sujada a ciki, tsayuwa ce ta minti biyu cikin natsuwa, kuma duk uban da bai gamsu ba yana iya faɗa wa kwamiti, ba za a tilasta wa ɗansa ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na aro. Kowa ya san rumfunan ƙungiya da kujeru da manyan tukwane su ke fita kunyar membobi ranar biki da suna da zaman makoki, ana kuma tsoron kada makulli ya zama sarauta, mai riƙe da shi ya riƙa ba wanda ya ga dama. Wannan tsoro yana da tushe, mun ga yadda irin haka ta raba kan wasu ƙungiyoyi. Shi ya sa muka ce littafi, don littafi ne ke kare mai aro da mai bayarwa baki ɗaya: wa ya ɗauka, me ya ɗauka, guda nawa, yaushe zai dawo da shi, ya sa hannu. Wanda ya riga rubuta suna shi ke da kaya, ko shugaba ne ya zo daga baya sai ya jira. Rasuwa ce kaɗai za ta tsallake layi, kuma wannan ba sai an yi gardama ba. Makulli biyu, ɗaya wurin mai kula da ɗakin, ɗaya wurin ma'aji, kuma duk wata uku a buɗe a ƙirga a gaban mutum uku, a karanta a taro. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai akwai abin da muke ganin bai kamata ya shiga aro ba sam: tantunan kwana, akwatin magani, da tuta. Tanti ba a yi shi don rumfar masu dafa abincin biki ba, tartsatsin wuta ɗaya ya isa ya huda shi. Tuta kuwa in ta fita, ba mu san taron da za a kai ta ba, musamman yanzu da kakar siyasa ke ƙaratowa, kuma sunan ƙungiya ne zai biyo baya.

Ga kwamitin matasa kuma muna da sharaɗi ɗaya, wanda za mu gabatar a matsayin gyara ga buƙatarsu. Yaran da za a zaɓa su ɗaga tuta kowace safiya, su fito daga rukunin da ya kwana da aikin kaya: waɗanda suka ƙirga turaku, suka wanke tukwane, suka share wurin. A riƙa juyawa yadda kowane rukuni zai samu, mata da maza. Kuma zango ba zai ƙare ranar da mota ta sauke mu ba, sai washegari, bayan an shanya tantuna an naɗe, an mai da komai kan kanta, an rufe littafi. A ranar ne za a raba takardun shaidar halarta, wanda bai zo ba tasa ta jira shi.

Kafin ranar taro za a buɗe ɗakin ajiyar ranar Asabar bayan la'asar, don duk mai son ya ga halin da kayan suke ciki ya gani da idonsa kafin ya ɗaga hannu. Masu kayan ƙungiya a gidajensu, ko kujera ɗaya ce, a taimaka a dawo da su a ranar, ba za a tambayi kowa dalilin jinkiri ba. Muna kuma neman kafinta ɗaya daga cikin membobi da zai zo da ma'auninsa ya faɗa mana katako nawa aikin zai ci, don mu shiga taro da lissafi a hannu.

Allah ya kai mu lafiya.

Sakatare